Durowar Ƙasa, Hannun Dama

Yayata ba ta iya fita daga gida a karo ɗaya. Sai ta kulle ƙofa, ta sauko, ta kai bakin titi, sannan ta tsaya cak, ta juya ta koma ta duba ko ta kashe gas. Ta kashe, kuma ta san ta kashe, amma sai hannunta ya taɓa makunnin kafin zuciyarta ta yarda. Tun muna yara haka take. Ita ce babba, ni ce auta, mazan da ke tsakaninmu duk sun watse neman na kansu. Ranar da Babanmu ya rasu, ina jin duk wata fargaba da ke gidan ta tattara ta hau kan Yaya, kuma har yau ba ta sauka ba.

Wuri ɗaya muke aiki, a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin gini inda babu ko taga. Yaya ce a kan injin guga, wani dogon ƙarfe mai zafi da ke haɗiye zanen gado da danshinsa ya fito da shi a miƙe. Ni ina ɗaya gefen, ina cafewa ina ninkewa. Bayanmu injinan wanki ne ke ta gurnani tun safe, in za ki yi magana da wadda ke kusa da ke sai kin ɗaga murya kamar mai faɗa. Dokar wurin ita ce kowa ya bar wayarsa a akwatin ajiya. Yaya kuwa a ƙirjinta take sa tata, cikin riga, ta kashe mata ƙara. Manaja ya sani sarai, ya dai gaji da magana ne ya kau da kai.

Dalilin wayar nan Innarmu ce. Tana da ciwon asma, irin wanda in ya tashi ƙirji ke rufewa, numfashi ya riƙa fita siriri da wani kuka kamar na usur. Akwai maganin shaƙa, ɗan ƙaramin gwangwani shuɗi da ake sa wa a baki a danna. In yana kusa, abin ba ya daɗewa. In ba ya kusa, likita ya faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba, ana iya rasa ta kafin a kai ta asibiti. Saboda haka kullum akwai guda a aljihun Inna, akwai kuma na ajiya.

To, Inna ba ta iya riƙe abu. Mai gadi ya yi tari, ta miƙa masa. Ɗan maƙwabta ya yi mura, ta aika da shi. In aka yi magana ta ce, “To in zuba ido mutum yana wahala ga magani a ajiye?” Da Yaya ta ga na ajiya yana ta tafiya yawon sada zumunci, sai ta fara ɓoye shi. Yau nan, wani makon can, kuma ita kaɗai ta san inda yake.

Mijin Yaya direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Ni ina gidan mijina a wata unguwa. Inna a gidan Yaya take zaune, a saman wani bene. Da rana, a benen nan da kowa ke fita aiki, ba kowa a sama sai Inna da ’yar Yaya, wadda ko shekara biyar ba ta cika ba. Aku muke ce mata, domin duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta kafin rana ta faɗi.

Sa’annin Aku duk suna zuwa wata makarantar ƙananan yara a bayan layi. Yaya ta ƙi sa ta. Abin da ta gaya wa Inna shi ne, “Inna, ki riƙe mini ita. Ban yarda da rainon kowa ba sai naki.” Inna ta ji daɗin maganar nan ƙwarai, har tana ba baƙi labari. Ni kaɗai Yaya ta faɗa wa gaskiya, wata rana muna jiran mota.

“In Inna ta faɗi, wa zai kira ni?” in ji ta.

Na ce, “Yaya, yarinyar da har yanzu ake ɗaura mata takalmi?”

“Ki nuna mini wani babba da zai zauna, in sallame ta.”

Ba mu da halin ɗaukar mai aiki, ni kuma ba zan bar nawa aikin ba. Na bar maganar, amma raina bai so ba.

Koya wa Aku kiran waya bai ɗauki lokaci ba, maɓalli ɗaya ne za ta danne a wayar Inna. Sai dai kira kaɗai ba ya buɗe ƙirji. Daga otal zuwa gida sai an canja mota, ga cunkoso. Dole yarinyar ta zama hannun uwarta a cikin gidan. Nuna mata maɓoyar magani kuwa daidai yake da shelanta shi a lasifika. Sai Yaya ta yanke shawarar koya mata kalmomin da za su kai ta ko’ina: sama da ƙasa, ciki da waje, gaba da baya, kusa da, tsakani, ƙarƙashi. In ta iya waɗannan, daga nesa ma ana iya tuƙa ta.

Da cokali aka fara. Yaya ta dawo daga aiki, ƙafafu a kumbure, ko mayafi ba ta ajiye ba, sai ki ji, “Aku, sa cokali a kan kujera. Yauwa. Yanzu a ƙarƙashinta. A’a, ba ke za ki shiga ƙarƙashi ba, cokalin.” In aka ce bayan kujera, sai Aku ta ɓoye cokalin a bayanta ita, tana dariya. Aka sha fama da “tsakanin”, don ita a ganinta in abu yana tsakanin takalma biyu, to dole a cusa shi cikin ɗaya. Da ta fara ganewa, Yaya ta koma ɓoye alawa. Ta shige banɗaki ta turo ƙofa, don a waya ba za ta ga yarinyar ba, ta riƙa ba da umarni daga ciki: “Je ki gaban firij. Juya ki kalli ƙofa. Duba ƙasa, kusa da kwandon shara.” Ta kuma kafa mata doka, duk abin da ta buɗe ta rufe shi kafin ta wuce.

Inna tana kan tabarmarta tana kallo, tana dariya har da hawaye. “Ke wai soja za ki mai da ’yar mutane?” Ni ma in na je nakan tsokane ta, in ce ko direban jirgin sama ake haɗa mana. Yaya takan yi ɗan murmushi, amma ba ta taɓa yin dariyar wasan nan ba. In Aku ta kuskure, sai in ga ta dubi Inna ta gefen ido.

Dama da hagu ne suka kusa sa ta kuka. Aku da hannu biyu take komai, yau ta riƙe fensir da wannan, gobe da wancan. A faɗa mata da safe, kafin yamma ta juya su. Ranar nan Yaya ta dawo da wani jan awarwaro na roba, ta zura mata a hannun dama, ta ce, “Duk inda awarwaro yake, nan ne dama. Ɗayan kuma hagu.” Shi ke nan aka huta. A ce dama, Aku ta dubi hannunta, ta nufi wajen kamar an ja ta da zare. Yaya ce ke yi mata wanka da sassafe kafin ta fita, kuma ba ta taɓa cire shi ba. Ba ta gaya wa Inna amfaninsa ba, don in ta fara bayani sai ta kai ga abin da ba ta so Inna ta ji.

Ranar da abin ya faru, aiki ya yi mana yawa, an sallami baƙi da dama, zannuwa sun taru kamar tudu. Rana ta ɗan karkata, na ɗaga kai don in ga me ya sa zane ya daina fitowa, sai na ga Yaya ta dafe ƙirji. Ta zaro wayar, ta sa a kunne, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa. Na zagayo da gudu na manna kaina jikin nata.

“Umma, Kaka tana yin wannan kukan,” in ji Aku.

“Tana ina?”

“A zaune a ƙasa, kusa da ƙofar banɗaki.”

“Maganinta na aljihu fa?”

“Tana dannawa, ba ya fitowa.”

Ya ƙare ke nan, kuma Inna ba ta faɗa wa kowa ba, kamar yadda ta saba. Yaya ta dube ni ta ce in kira Tela, maƙwabcinsu mai shago a ƙasan benen. Na ruga akwatin ajiya na ɗauko tawa wayar. Tela ya ce yana kasuwa wajen sayen zare, ga shi nan zuwa, amma da nisa. Ko da ma yana kusa, Inna kan sa sakatar sama da zarar Yaya ta fita, Aku kuwa ko a kan kujera ba ta kai wa gare ta. Na dawo na tarar Yaya ta daidaita muryarta, irin ta wasan alawa.

“Aku, shiga ɗakina. Tsaya a gaban kabad ɗin kaya, ki kalle shi. Kin tsaya? Durowar ƙasa, ta hannun dama. Jawo ta. Me kika gani?”

“Tawul.”

“Yauwa ’yar albarka. Zura hannu can baya, ƙarƙashin tawul ɗin.”

Muka jira. Injinan wanki suna ta gurnani, da ƙyar muke jin muryarta.

“Babu, Umma.”

“Akwai. Fito da su duka, ki duba.”

“Na fitar. Babu komai.”

Na ga fuskar Yaya ta canja. Sau nawa ta sauya wa maganin nan wuri? Ita da ba ta yarda da kanta a kan gas ba, nan take ta fara zargin kanta. Ta ce wa Aku ta mayar ta rufe, ta duba ƙarƙashin gado, cikin kwalin takalmi. Babu. Ta ce ta ja kujera ta hau, ta laluba saman firij, bayan gwangwanin madara, tana faɗa tana cewa a hankali, a hankali, kar ki faɗo. Nan ma babu. Da yarinyar ta wuce ta gaban Inna, duk hayaniyar ɗakin wankin nan ba ta hana mu jin kukan ƙirjinta ba, kuma ya ƙara sirancewa. Tsoro na gaske ya kama ni.

Zane ya maƙale a injin guga, ƙararrawarsa ta ɗauka, Manaja ya taho yana tambayar wa ke kan injin. Yaya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta haye matakala da gudu, ina biye, muka fita ta ƙofar baya zuwa inda ake ajiye manyan bokitan shara. Nan ne muka sami shiru. Aku ta fara kuka sosai, tana cewa Kaka ta daina yi mata magana.

Yaya ta durƙusa a kan siminti. “Aku, saurare ni. Koma gaban kabad. Sake jawo durowar nan, mu duba tare.”

Muka ji takun ƙafafunta, sannan wani dogon ƙiii, na katako da ke goga katako.

Yaya ta ɗago kai. Durowoyin ƙasa biyu ne a kabad ɗin, dukansu cike da tsoffin fararen tawul da otal ke raba mana in sun tsufa, iri ɗaya sak. Ta hagu ce ke wannan kukan tun da daɗewa, ta dama shiru take zamewa. A cikin ƙarar injuna ba mu ji shi da farko ba.

“Aku, wace durowa kika buɗe?”

“Ta dama, Umma! Ta wajen awarwaro! Wallahi ta dama!”

Na buɗe baki zan yi ihu in ce ba ita ba ce, Yaya ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ta rufe ido, ta ce, “Kin yi daidai. Yanzu buɗe ’yar’uwarta, wadda ke kusa da ita, ta wajen taga. Can baya, ƙarƙashin tawul.”

Ba a daɗe ba, amma ni a wurina kamar an shekara.

“Ga shi!”

“Cire murfin, ki sa wa Kaka a hannu. In ta kasa, ki riƙe mata hannun ki kai bakinta. Ki ajiye wayar kusa da ita.”

Muka ji fus, sai shiru, sai wani fus. Yaya ta manna wayar a kunne da hannu biyu, bakinta yana motsi, addu’a take yi. Can sai tari ya ɓarke, mummunan tari mai jijjiga, wanda ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Bayansa muryar Inna ta fito a dashe: “Ke, daina kukan nan, kin cika mini kunne.” Yaya ta kifa kai a gwiwa, ni kuma na zauna daɓas a gefen bokitin shara, ban damu da warin ba.

Da muka isa gida, Tela yana tsaye a bakin ƙofa da ledar zarensa, Inna ta lallaɓa ta zare sakata. Muka kai ta asibiti, aka sa mata iska, aka sallamo mu da yamma. Sai da muka zauna a falo sannan Yaya ta kama hannayen Aku ta duba. Jan awarwaron yana hannun hagu.

“Wa ya taɓa wannan?”

“Ni ce,” in ji Inna. “Ta juye wa kanta garin sabulu tun daga kai har ƙafa, na yi mata wanka. Ƙurar sabulun ce ma ta tayar mini da ƙirji. Na cire na wanke na mayar mata. Awarwaro ma yana da hannunsa ne?”

Da a ce Yaya ta huta, da ta haɗiye maganar. Amma tsoron yinin nan bai gama fita daga jikinta ba, sai ya fito a matsayin faɗa. Ta ce da shi yarinyar ke gane dama, ta ce wata da watanni tana koya mata don irin wannan rana, ta ce ba don haka ba me zai sa ta hana ta makaranta ta ajiye ta a gida. Ina ta yi mata alama da ido, ba ta gani ba sai da ta kai ƙarshe.

Inna ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi, da ya fi mana sauƙi. Ta dubi tabarma, ta ce, “Ashe ba raino nake yi ba. Ni ake raino.”

Aku tana zaune a jikin ƙafar Inna, ta ƙi zuwa wurin kowa, ta ƙi alawa, ta ƙi abinci. Yarinyar da ba ta iya rufe baki, tun dawowarmu magana ɗaya take maimaitawa. Jim kaɗan sai ta ɗaga kai ta ce, “Kaka, kina numfashi?” Inna ta ce ina yi. Can kuma ta sake tambaya.

A can na kwana. Da safe, kafin Yaya ta fito daga wanka, Inna ta shirya Aku tsaf, ta sa mata takalmi, ta cika mata gorar ruwa.

“Ki biya ki kai ta makarantar nan ta bayan layi,” ta ce wa Yaya.

“Inna, don Allah ki yi haƙuri da maganar jiya.”

“Ba maganar jiya ba ce. Yarinyar da ba ta kai ga sakata ba kika ɗora wa raina. Da na mutu jiya a gabanta, tana buɗe durowar da ba ita ba, wa zai sauke mata wannan har ta tsufa? Ke kin san nauyin, tun rasuwar ubanku kike ɗauke da shi. Ba za a gadar wa jikata ba ina raye.” Ta miƙo tafin hannu. “Ba ni maganin a hannuna. Ko mai gadi zai yi tarin da zai tsaga bango, ba zan ba shi ba. Sakata kuma na daina sawa, ki bar wa Tela makulli.”

“In yana kasuwa fa, Inna?”

“To yana kasuwa.”

Yaya ta tsaya kamar za ta yi gardama, sai ta dubi Aku, wadda ta riƙe gefen zanen kakarta tana kallon bakinta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta sa wa Inna a hannu. Muka kai Aku makaranta tana kuka, tana cewa wa zai kawo wa Kaka magani. Malamar ta ɗauke ta, ta ce duk haka suke yi ranar farko. Ba mu yi mata bayani ba.

Manaja ya yi faɗansa a kan zanen da ya ƙone, ya gama, muka kama aiki. Da hutun rana Yaya ta kira gida, Inna ta ɗauka ta ce a bar ta ta yi barcinta. Daga nan wayar ba ta sake motsi ba. Yamma ta gabato, na ga Yaya tana ta kai hannu ƙirji tana saukewa, sai na leƙo ta gefen injin na ɗaga murya don in kwantar mata da hankali.

“Kin gani ko? Shiru. Lafiya ke nan!”

Ta dube ni, idonta ya yi ja.

“Da can in na ji shiru na san lafiya, don akwai mai kira,” in ji ta. “Yanzu wa zai faɗa mini shirun mene ne wannan?”

Ta sunkuya ta ɗauko wani zanen, ta daidaita bakinsa, ta tura cikin injin.